Ɗorin da Na Yi wa Dainoso a Hamada

Tun da na dawo daga Nijar ban huta ba. In na fito masallaci tambaya, in na zauna a ƙofar gida tambaya. Jiya ma wani da aka kawo mini da karyayyen hannu, yana nishi yana cewa, "Malam Ɗahiru, wai da gaske ka ga ƙadangaren da ya fi zauren nan girma?" Ubansu a tambaya kuwa shi ne Alhaji Tanimu tela, abokina tun muna makarantar allo, mutumin da bai taɓa wuce Funtuwa ba amma ya fi kowa sanin duniya. To, ga shi zan rubuta sau ɗaya. Wanda ya sake tambayata, takarda zan miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, ni mai ɗori ne a Kusfa, cikin birnin Zariya. Ubana ɗori ya yi, kakana ma haka. 'Ya'yana maza biyu ne: ɗaya yana aikin banki a Kaduna, ɗayan kuwa da ya ga jini sai ya nemi wurin zama. Sai autata Rabi. Ita ce tun tana ƙarama take tsugunawa kusa da ni in ina aiki, har na sa rai za ta zama likitar ƙashi, sana'ar gidanmu ta shiga asibiti da farar riga. Da ta je jami'a a Samaru sai ta zaɓi karatun duwatsu. Daga duwatsu ta koma ƙasusuwan wasu dabbobi da ake kira dainoso, waɗanda suka ƙare tun shekaru miliyoyi. Ƙashi dai take karantawa, amma wanda mai shi ba zai taɓa cewa an gode ba. Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai.

Ran nan ta zo ta durƙusa da takarda a hannu. Wai an gayyace ta tono a hamadar Agadas na mako uku, in shugabar aikin ta yaba da ita za ta rubuta mata wasiƙa, a ɗauke ta karatu na shekara uku a Brazil.

Na ce, "Nijar dai ƙafata ƙafarki. Brazil kuwa sai mun dawo na ba ki amsa."

Amsar tana cikina tun a lokacin, kuma a'a ce. So nake in je in ga shirmen da idona, don in na hana kada a ce ban yi adalci ba. Na karɓi fasfo ɗinta na haɗa da nawa, na sa a aljihun 'yar shara, na danne bakin aljihun da fil.

Daga Kwangila muka hau mota zuwa Kano. A tashar Kano Rabi ta sayo mana gurasa, ni kuma na ce tunda zama ya same mu, ta gaya mini abin da ya haɗa ƙashin Agadas da Brazil. Sai ta yaga gurasar biyu, ta sake haɗa bakin da bakin.

"Baba, da can ƙasarmu da tasu haka suke, dunƙule guda. Dabbobin nan da ƙafa suke takawa daga nan zuwa can. Daga baya ƙasa ta tsage, teku ya shiga tsakani."

"Ƙasar ce ta tashi ta yi tafiya?"

"Har yanzu ma tafiyar take yi. A hankali dai, kamar yadda farce yake tsiro."

Na yi dariya har wani mai sayar da agogo ya juyo. Amma da ta nuna mini taswira a wayarta, dariyar ta ragu. Shekara arba'in ina duba bakin karaya, na san shi in na gan shi, kuma ƙugun Brazil ɗin nan ya yi daidai da lungun da ke ƙarƙashin Najeriya. Ta nuna mini kwarin Binuwai, ta ce nan ma ƙasa ta fara rabuwa sannan ta fasa. Na ce, "Wannan tsagewa ce, ba karaya ba." Ta ce haka malamansu ma suke faɗa, sai dai su da Turanci. Na cinye Brazil, na bar mata Afirka.

Bayan Daura muka iso kan iyaka. Ni da nake zaton zan ga ganuwa irin tamu, sai na tarar da igiya an ɗaure tsakanin ganguna biyu, gonar gero a nan, gonar gero a can, kowa Hausa yake yi. Jami'in da ke wurin ya tambaye ni abin da za mu je yi. Ni kuma ba na ƙarya, na ce tonon ƙashi.

"Ƙashin wa?"

Kafin Rabi ta buɗe baki ya riga ya zazzage jakata. Ga karan ɗori, ga tsumma, ga man shanu a kwalba, ga sassaƙe ƙulli-ƙulli. Ya dube ni, ya dubi kayan, ya kira abokan aikinsa. Wallahi ban ga laifinsa ba, ni ma da ni ne da na kira mutane. Rabi ta baje takardu tana bayani, ni kuwa idona yana kan ƙafarsa ta hagu da yake ɗan ja. Na ce masa, "Yallaɓai, targaɗen nan ya kai kwana goma." Sai ya cire takalmi. Na murza, na ja, ya yi ƙara ɗaya, ya miƙe garau. Aka buga mana hatimi. Awa biyu muka yi kafin mu ƙetare igiya ɗaya, alhali a faɗar 'yata ƙadangare ya taka har Brazil ba wanda ya ce ya buɗe jaka.

A Damagaram muka kwana gidan wata Hajiya mai saukar baƙi. Mutanen kirki ne, gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, abin da ban zaci zai yiwu ba. Abinci kuwa, shinkafa da taliya da wake a faranti ɗaya, sannan a haɗo ka da burodi dogo kamar sandar makiyayi. Na gatsa sau ɗaya na ji haƙorina na gaba yana salati. Rabi ta ce a shayi ake tsomawa. Na ce abincin da sai an jiƙa shi kafin a ci, a garinmu wa dabba ake yi wa.

Hanyar Agadas ba zan ɓata muku lokaci da ita ba. A ayari ake tafiya, mota bayan mota, sojoji a gaba. Tun ana ganin itatuwa har aka koma ganin ƙaya, har ƙayar ma ta gaji ta bar mu. Sau biyu motarmu ta kafe a rairayi, sau biyu na naɗe babbar riga na yi turi, ni da a Kusfa ko buta ba a bari in ɗauka.

A Agadas muka haɗu da shugabar aikin, Madam Zainabu, mutuniyar Yamai. 'Yar ƙaramar mace ce da wando da ɗankwali, ba za ta girmi babban ɗana ba, amma in ta yi magana ƙarti tsit suke yi. Ta gaishe ni da ladabi, sannan ta ce, "Baba, kai baƙonmu ne, ka ci, ka sha, ka yi kallo. Doka ɗaya ce: kada ka taɓa komai." Na ce a raina, yarinya, tun ba a haife ki ba nake taɓa ƙashi. A fili kuwa na ce to.

Jagoranmu wani dattijon Ba'abzine ne, Agali. Su a can maza ke rufe fuska, mata su bar tasu a buɗe. Na tuna yadda muke fama da wannan magana a Zariya, na ce ashe in ka yi tafiyar kwana uku sai ka tarar an juya ta. Mako uku muna tare da Agali, ban san ko yana da gemu ba. In zai sha shayi sai ya cusa kofin ta ƙarƙashin rawani. Shayin kuwa sau uku ake zubawa, a kofin da bai fi murfin kwalba ba, kuma tashi kafin na uku rashin kunya ne. Burodinsu a cikin rairayi mai zafi suke binne shi, su tono, su karkaɗe. Na ce masa mutanen da ke binne abinci su tono, ba mamaki su yi abota da masu tonon ƙashi. Idanunsa suka ƙanƙance, na ɗauka dariya ce.

Kwana biyu muka ƙara a mota kafin mu isa wurin. Jama'a, ni ɗin nan da na je neman abin kushewa, da na sauka ban same shi ba. Ƙashin baya ne a kwance a fili, gaɓa bayan gaɓa, kowace ta kai turmi. Can gefe ga kututturen bishiya ya zama dutse, a wurin da ko ciyawa babu. Agali ya ce kakanninsa cewa suke yi raƙuman mutanen farko ne. Rabi ta ce nan da muke tsaye kogi ne a da, mai kifi da kada, shekara sama da miliyan ɗari. Na ce Allah mai iko, don ban sami abin da ya fi shi faɗa ba.

Kwana na huɗu da yamma Rabi ta zo ta ce in rufe ido. Ta sa mini wata gaɓar ƙashi a hannun dama, mai nauyi, ta sa wata a hagu, marar nauyi. Ta ce, "Baba, duba mini su." Na bi su da yatsa kamar yadda nake bin gwiwar mutum. Kwarmi iri ɗaya, tudu a wuri ɗaya, inda jijiya ta kama ma iri ɗaya. Ni mutum ne da in aka kawo mini yaro a cikin birni, daga kamun ƙafarsa nakan gane gidansu.

Na ce, "Waɗannan 'yan gida ɗaya ne. In ba wa da ƙane ba, to 'ya'yan wa da ƙane."

"Ta dama jiya muka tono ta nan. Ta hagu kwafi ce, ta asalin a Brazil aka tono ta. Dabbar bakin kogi ce, Baba, ba ta da ƙarfin ƙetare teku. Dutsen da aka same su a ciki ma tsara ɗaya ne."

Na buɗe ido. Maimakon in yi murna, tsoro ne ya kama ni. Na zo ne in tabbatar shirme take yi, ga shi yatsuna da ba su taɓa yi mini ƙarya ba sun ba ta gaskiya. In rabin gidan dabbar nan yana can, to mai neman sanin gidan dole ta je can. Na shafa aljihuna na ji fil ɗin yana nan.

Yanzu ga abin da Alhaji Tanimu yake ta zungurata in faɗa. An raba filin da igiyoyi, kowa da ɗakinsa. Ɗakin Rabi ƙafar baya ce ta wata dabba mai matsakaicin girma. Kwana biyar tana tsugune tana share ta da buroshi, ƙwayar rairayi bayan ƙwaya. Ta gaya mini ba a ɗaga ƙashi sai an zana shi an ɗauki hotonsa yadda yake kwance, domin kwanciyarsa ce ke nuna inda ruwa ya nufa, da ko a nan dabbar ta mutu ko ruwa ne ya kawo ta. Na ji da kunne ɗaya. Ni abin da nake gani daban ne. Ƙwaurin ya goce daga gwiwa, ya juya waje, yatsun sun watse kowanne ya kama gabansa. Duk sanda na wuce sai in ji hannuna yana ƙaiƙayi. A gidanmu ba a wuce ƙafa a karkace.

Ranar da ta gama sharewa, ta ce sai rana ta yi sanyi za ta zana. Bayan azahar kowa ya kwanta a inuwar tanti. Na ce bari in je in duba kawai. Na tsuguna. Na ce bari in mayar da ɗan yatsa ɗaya. Da ya zauna daidai sai na biyu ya zama abin kunya a kusa da shi. Kafin in farga na jera yatsun tsaf, na yi bisimilla, na dafa gwiwar da hagu, na kama ƙwaurin da dama, na juya shi yadda ubana ya koya mini.

Ƙas!

Ƙashin da ya shekara miliyan ɗari lafiya lau, ruwa bai karya shi ba, rabuwar ƙasa ba ta karya shi ba, sai da mai ɗorin Kusfa ya zo. Shekara arba'in ina haɗawa, ranar na raba ɗaya biyu.

Ina nan tsugune da rabin ƙwauri a cinya Rabi da Madam Zainabu suka iso. Madam Zainabu ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta dubi Rabi ta ce, "Ɗakinki ne. Baƙonki ne. Aikin kwana biyar ya tafi. In ba ki iya tsare taku huɗu na rairayi ba, me zan rubuta a wasiƙa?" Ta juya ta tafi. Rabi ta matso. Ta durƙusa tana tattara ɓurɓushin da buroshi, hawaye yana ɗiga a kan hannunta.

Ku duba fa, abin da na zo nema ne ya samu. Ba sai na ce a'a ba, an faɗa a madadina, hannuna a wanke. Amma wallahi tun da uwata ta rasu ban ji baƙin ciki irin na ranar ba. Hana ta da bakina daban, karya mata aiki da hannuna daban.

Na tashi na bi Madam har tantinta. Ni Ɗahiru, da ake durƙusa mini a zaure, na durƙusa a gaban sa'ar ɗana. Na ce, "Ranki ya daɗe, yarinyar nan ta gaya mini, ke ma kin gaya mini. Laifin nawa ne ni kaɗai. Ki kore ni, ki bar ta."

"Baba, me ya sa ka yi?"

"Ƙafar a karkace take."

Agali da ke dafa shayi a gefe ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Na ce tunda na riga na yi ɓarna, bari in faɗi abin da hannuna ya ji. Sama kaɗan da inda na karya akwai ƙulli. Tsohuwar karaya ce, dabbar ta karye tana da rai, ƙashin ya haɗe da kansa a ɗan karkace, ta ci gaba da takawa a kansa shekaru. Madam ta tashi ta je ta duba da gilashi, ta daɗe. Da ta dawo ta ce gaskiya ne, kuma abu ne mai amfani, amma bai mayar da abin da na ɓata ba. Sannan ta yanke mini hukunci: Rabi za ta haɗa ƙashin, ni zan riƙe mata.

Washegari haka aka yi. Na zauna na tallafe rabin ƙwauri kamar sabon almajirin sana'a, 'yata tana ba ni umarni. "Baba, ɗaga kaɗan. A'a, ya yi yawa. Tsaya haka, kada ka motsa." Ta share bakin karayar, ta shafa gam, sannan ta rufe ido ta bi layin da babban yatsa, tana neman inda zai zauna. Na ƙura mata ido. Haka ubana yake yi, ido a rufe, harshe a ɗan waje, babban yatsa a gaba. Ni ban taɓa koya mata ba. Ta tura, ƙashin ya shige, ta naɗe shi da tsumma da farar ƙasa. Na shafa wurin ban ji gaɓa ba. Shekara goma ina kukan sana'ar gidanmu ta mutu a hannuna, ashe tana nan tana tsugune a rairayi. Majinyatan ne dai ba irin nawa ba.

Da yamma na ga tana rubutu a littafin aiki, wanda za a ajiye a Yamai. Na ce me ta rubuta game da ƙafar. Ta ce ta rubuta cewa an motsa ta kafin a zana, kada kowa ya dogara da kwanciyarta. Na ce ai sai ta ce iska ce ko raƙumi.

"Na rubuta mahaifina ne, Baba."

Saboda haka duk wanda ya je Yamai ya buɗe littafin nan, zai tarar da ni a ciki. Madam Zainabu ta karanta shafin, ta rufe. Sai ranar da za mu rabu a Agadas ta miƙa wa Rabi ambulan, ta ce mai iya rubuta laifin ubanta a littafi ba za ta ɓoye na dutse ba. Ni kuma ta ce in na sake zuwa za ta sa a ɗaure mini hannuwa. Agali ya ba ni cuku guda uku, har yau ban ga bakinsa ba.

A hanyar dawowa Rabi ba ta tambaye ni amsa ba, ko sau ɗaya. Muka iso igiyar nan, jami'in ya gane ni, ya buga ƙafa a ƙasa don in ga ta warke. Ya buga hatimi ya miƙo mini fasfo biyu. Na sa nawa a aljihu. Nata na juya shi a hannu, na juya, sannan na miƙa mata na ce, "Riƙe abinki, ya dame ni da nauyi." Ta karɓa da hannu biyu. Har muka shiga Daura fuskarta tana cikin mayafi.

Wata huɗu ke nan da tafiyarta. Tana kira ranar Lahadi, ta ce suna cin wake kullum kuma suna da rogo kamar mu, na ce to ai da ma gida ɗaya ne. Alhaji Tanimu har gobe bai yarda ƙasa tana tafiya ba, ya ce in tana tafiya me ya sa shagonsa yake inda ya bar shi. Ban ƙara musu da shi ba.

Mai ɗori ba ya tara farce, don haka kowace Juma'a kafin masallaci nakan zauna a tsakar gida in yanke. Yanzu in na gama sai in tattara abin da na yanke a tafin hannu in tsaya ina dubawa. Ɗan kaɗan ne, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Juma'ar da ta wuce uwar Rabi ta fito daga ɗaki ta same ni a haka, ta ce, "Malam, lafiya? Me kake kallo a farce?"

Na ce mata, "Nisan da Rabi ta ƙara nake dubawa."